Turbo: Dabarar da Ta Girmi Ƙarfen da Zai Ɗauke Ta

A shekarar 2002 wata kotu a birnin Düsseldorf na ƙasar Jamus ta ba da umarnin wucin gadi da ya hana kamfanin BorgWarner ci gaba da ƙerawa da sayar da wani samfurin turbo. Kamfanin Honeywell, wanda a lokacin shi ke da kamfanin turbo na Garrett, shi ya kai ƙara, yana cewa an taka masa haƙƙin ƙirƙira. Abin da ake jayayya a kansa bai wuce tafin hannu ba: wasu 'yan fukafukan ƙarfe ne da aka jera a zobe, suna buɗewa suna rufewa a bakin hanyar hayaƙi. Sai dai masana'antar motoci ba ta jiran ɗaukaka ƙara, domin ranar da turbo bai iso ba, layin haɗa motar gaba ɗaya ne zai tsaya. Don haka BorgWarner ya biya dala miliyan 25 aka bar shi ya ci gaba da kai kaya na shekara guda. Bayan shekara tara reshe ya juye da mujiya. A 2011 Honeywell ne ya biya BorgWarner dala miliyan 32.5 don a kashe wata shari'a a Amurka, ita kuma a kan yadda ake zuba fankar turbo da ƙarfen titaniyom. A duk shari'o'in biyu babu wanda ya yi iƙirarin mallakar ainihin dabarar turbo, domin ta daɗe da zama ta kowa. Wannan ne abin da tarihin na'urar yake nunawa tun daga farkonsa: babbar dabara ba ta cika ciyar da mai ita ba, kuɗin yana wurin wanda ya warware ƙaramar matsalar da ta hana dabarar aiki. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin aibin tsarin takardun haƙƙin ƙirƙira. Ni ina ganin a wannan fanni tsarin ya ba da lada daidai inda wahalar take.

Inji ba ya ƙona mai sai da iska, kuma ƙarfinsa yana tsayawa ne inda iskar da silinda ke iya zuƙa ta tsaya. Ko an ƙara mai, idan iska ba ta ƙaru ba, baƙin hayaƙi kawai za a samu. Maƙeri ya san wannan, shi ya sa idan yana son wuta ta yi ƙarfi yake kama zugazugi maimakon ya yi ta tula gawayi. A ɗaya gefen kuma, kusan sulusin ƙarfin da ke cikin man da inji ya sha yana ficewa ne ta salansa, da zafinsa da ƙarfinsa. Turbo yana haɗa waɗannan abubuwa biyu. Fanka biyu ce a kan sanda ɗaya: hayaƙi yana juya ta farko, ita kuma tana juya ta biyu, wadda ke matsa iska tana cusa ta cikin silinda. Yaro ɗan sakandare zai iya zana wannan a allo. Abin da zanen ba ya nunawa shi ne cewa a ƙaramar mota sandar tana juyawa fiye da sau 200,000 a minti guda, fankar hayaƙi tana wanka cikin zafin da ke kai digiri 1,000 a injin fetur, ga fankar iska kuma 'yan santimita kaɗan daga gare ta ana so ta zauna da sanyinta. Sandar ba ta zaune a kan ƙarfe, tana shawagi ne a kan siririn baƙin mai. Idan man ya yanke na 'yan daƙiƙoƙi, an gama.

Alfred Büchi, injiniya ɗan ƙasar Suwizalan da aka haifa a Winterthur a 1879, shi ya yi rajistar dabarar a Jamus a 1905. Zanensa na farko ma bai yi kama da turbon yau sosai ba, domin ya ɗora fankar iska da injin da fankar hayaƙi duka a kan sanda guda. Ya yi aiki a kamfanin Sulzer, ya shafe shekaru yana gwaji, amma fankokin zamaninsa ba su da ingancin da za su matsa iskar da ake bukata daga abin da hayaƙi ke bayarwa. Sai a 1923 ma'aikatar sufurin Jamus ta ba da kwangilar jiragen ruwa biyu na fasinja, Preussen da Hansestadt Danzig, masu injunan dizal na MAN, aka sa musu turbo bisa tsarin Büchi, ƙarfin kowane inji ya tashi daga doki 1,750 zuwa 2,500. A duba lissafin. Ko da a ce takardarsa ta 1905 ta samu shekara 20 irin wadda dokokin yau ke bayarwa, da a 1925 ta ƙare, wato daidai lokacin da na'urar ta fara kawo kuɗi. Abin da ya riƙe Büchi a harkar shi ne takardunsa na baya, musamman ta 1925, inda ya nuna cewa idan aka raba bututun hayaƙi aka matse su, bugun da kowace silinda ke fitarwa zai isa fanka da ƙarfinsa maimakon ya watse a babban bututu. Wato shi kansa uban na'urar da gyara ya ci abinci, gyaran da a ido ya fi ƙirƙirar farko ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Jiragen sama ne suka tura lamarin gaba, kuma dalilinsu daban ne. Iska tana yin sirara yayin da ake hawa sama, inji ya riƙa shaƙewa. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Auguste Rateau ya gwada turbo a injunan jiragen Faransa. A Amurka kuma Sanford Moss na kamfanin General Electric ya ɗora injin jirgi samfurin Liberty a mota ya hau da shi ƙololuwar dutsen Pikes Peak a 1918, tsayin kusan mita 4,300. A can injin da ke ba da ƙarfin doki 350 a ƙasa ya sauko zuwa wajen 230, da aka haɗa masa turbo ya ba da 356. Gwajin ya yi nasara, amma an ɗauki kusan shekara 20 kafin turbo ya zama abin dogaro a jiragen yaƙi irin su B-17 da P-47, kuma abin da aka yi ta jira shi ne ƙarfe. Fankar hayaƙi tana yin ja, ta yi laushi, ta miƙe, ta tarwatse. Sai da masana ƙarfe suka samar da gaurayen nikel da kobal da kuromiyom masu jure zafi, irin waɗanda injin jet shi ma ya dogara a kansu, sannan aka huta. Waɗannan gauraye su ma da takardunsu aka yi rajistarsu, kuma ba sunan masu ƙirƙirar turbo ke kansu ba.

Manyan motoci sun karɓi turbo cikin natsuwa. Kamfanin Saurer na Suwizalan ya sa shi a injin babbar mota a 1938, Garrett kuma ya shiga harkar ne a shekarun 1950 ta hanyar katafilar Caterpillar. Injin dizal ya dace da turbo, domin hayaƙinsa bai kai na fetur zafi ba, kuma iska zalla yake matsawa, don haka ba ya tsoron mai ya kama da wuta kafin lokaci. Ƙaramar motar fetur ce ta ba da wuya. A 1962 General Motors ya fito da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair mai turbo. Jetfire tana da wani ƙaramin tanki na ruwa gauraye da sinadarin metanol da ake fesawa don hana fetur kamawa da kansa kafin fulogi ya ba da wuta. Masu motoci suka riƙa barin tankin ya ƙafe, motar ta rage ƙarfi, su koma wurin dila da ƙorafi. Shekara biyu aka yi aka daina ƙera ta, ba a sayar da 10,000 ba, da yawa ma aka cire musu turbon aka mayar da kafireto. A lokacin babu wata takardar Büchi da ta rage da rai, kowa na da 'yancin ƙera turbo, kuma kamfanin motoci mafi girma a duniya ya gwada ya janye. Babu takardar da ta tare masa hanya. Sanin yadda za a sa na'urar ta yi biyayya ga ƙafar direba ne babu.

Matsalar ƙafar direba ita ce uwar yawancin takardun da aka yi rajista daga shekarun 1970 zuwa yau, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Jirgin ruwa ko janareta yana tafiya ne a gudu ɗaya na sa'o'i, sai a zaɓa masa turbo daidai da wannan gudun. Mota kuwa tana tsayawa a danja, ta tashi, ta hau tudu, ta wuce tirela. Idan aka sa mata babban turbo, hayaƙin da ke fita a ƙaramin gudu ba zai iya juya shi ba. Direba ya taka totur ya ji shiru, sai bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ƙarfin ya zo gaba ɗaya, wataƙila a tsakiyar kwana. Masu tuƙa BMW 2002 Turbo ta 1973 da Porsche 911 Turbo ta farko sun san wannan hali. Idan kuma aka sa ƙarami, zai tashi da wuri, amma a babban gudu ya shaƙe injin ko ya matsa iska fiye da kima. Magani na farko shi ne wata 'yar ƙofa da ke buɗewa ta zubar da rarar hayaƙi ta gefe idan matsi ya kai iyaka, kuma da ita Saab 99 Turbo ta ƙarshen shekarun 1970 ta zama motar da magidanci zai iya tuƙawa kullum. Amma zubar da hayaƙi asara ce. Magani na biyu shi ne fukafukan nan da aka yi shari'a a kansu. A ƙaramin gudu suna matsewa, hanyar ta ƙuntata, ɗan hayaƙin da ke akwai ya fita da sauri ya bugi fanka. A babban gudu su buɗe. Turbo ɗaya ya zama ƙarami da babba gwargwadon bukata.

Faɗar wannan da baki ba wuya. Wuyar tana cikin cewa fukafukai goma sha wani abu, kowanne da ƙusar da yake juyawa a kai, dole su motsa tare cikin zafi da toka, ba tare da man shafawa ba. Idan aka bar rata mai yawa tsakanin fiffike da bango, hayaƙi ya zurare ta nan, amfanin ya tafi. Idan ratar ta yi kaɗan, ƙarfe ya kumbura da zafi ya cije. Takardun da kamfanoni ke rajista a nan suna magana ne a kan siffar fiffike, da zoben da ke juya su, da yadda za a riƙe ratar daidai ko ƙarfe ya yi zafi ko ya huce. An fara gwada tsarin a motocin fetur kaɗan a ƙarshen shekarun 1980, a Honda Legend a Japan da Shelby CSX a Amurka, bai ɗore ba. Dizal ne ya rungume shi, daga Fiat Croma ta 1991 zuwa injunan TDI na Volkswagen, har ya zama ruwan dare a Turai. Fetur bai dawo gare shi da gaske ba sai a 2006, lokacin da Porsche da BorgWarner suka yi amfani da gaurayen ƙarfe irin na jiragen sama. Shekara 15 ke nan dabarar tana aiki a miliyoyin motocin dizal, kowa yana iya kwance ta ya gani, amma bambancin zafin digiri ɗari biyu ko makamancin haka ya hana ta tsallakawa.

Shari'ar titaniyom ta fi wannan nuna inda darajar take. Fankar iska yawanci da alminiyom ake yin ta, amma a babbar motar da ke yawan tashi da tsayawa ƙarfen yana gajiya ya tsage. Titaniyom ya fi juriya, kowa ya san haka, matsalar ita ce zuba shi da araha. Ana bin hanyar kakin zuma ne, wadda masu zubin tagulla na Ife da Benin suka ƙware a kai ɗaruruwan shekaru da suka wuce: a siffanta abu da kaki, a lulluɓe shi, a narkar da kakin, a zuba ƙarfe a gurbinsa. Sai dai fukafukan fankar turbo a murɗe suke, ba sa fita daga mazubi cikin sauƙi. Abin da BorgWarner ya yi wa rajista shi ne siffar fanka da aka tsara ta yadda za a iya zare sassan mazubin kakin da inji, a yi ta bugawa da yawa. Wanda ya ce wannan ba ƙirƙira ba ce, gyaran fuska ce kawai, bai lura da cewa a kan irin wannan ne ake rabuwa tsakanin abin da ke aiki a ɗakin gwaji da abin da mai tirela zai iya saya ba.

Akwai masu suka, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa dubban ƙananan takardu sun zama sarƙaƙiya da ke hana sabon shiga motsi, shi ya sa kamfanoni ƙalilan suka mamaye kasuwar duniya: Garrett, BorgWarner, IHI da Mitsubishi na Japan, sai Cummins da ya sayi Holset na Ingila a 1973. Gaskiya ne umarnin kotu irin na Düsseldorf makami ne mai kaifi, kuma wanda aka ɗora wa wuƙa a wuya yakan biya ko da yana ganin yana da gaskiya. Kuɗin kuma a ƙarshe mai sayen mota ne ke biya. Amma idan aka duba da kyau, sarƙaƙiyar tana da ƙofofi. Holset bai bi hanyar fukafukai masu juyawa ba, ya ƙera zobe mai zamewa gaba da baya yana rage faɗin hanyar hayaƙi, tsarin da ya shiga manyan motocin Iveco a 1998 kuma ya dace da aikin nauyi saboda sassansa masu motsi kaɗan ne. Matsala ɗaya, amsa biyu, kowace da takardunta. Sannan ga Bosch da Mahle, manyan kamfanonin Jamus biyu masu lauyoyi da injiniyoyi da takardun kansu, waɗanda suka haɗa gwiwa suka kafa kamfanin turbo a 2008, bayan kusan shekara goma suka sayar da shi. Abin da ya gagare su shi ne yawan cinikin da zai mayar da jarin. Kasuwar da ke bukatar masana'antar zubin ƙarfe, da ɗakunan gwaji, da amincewar kamfanin mota na shekaru kafin ya ba ka inji ɗaya, za ta taru a hannun 'yan kaɗan ko da takardu ko babu.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi a ganina. Ana cewa ba takardun ƙirƙira ne suka kawo ci gaban ba, kuɗin yaƙi ne da dokar gwamnati. Sojan Amurka ne ya ɗauki nauyin aikin Moss. Tsadar mai ta 1973 ce ta sa aka waiwayi turbo, har Mercedes ta fito da 300SD mai dizal a 1978. Dokokin hayaƙi na Turai, daga 1992 zuwa ƙa'idar iskar kabon ta 2009, su suka tilasta rage girman injuna, har Ford ya fito da inji mai silinda uku da lita ɗaya da ke aikin da a dā sai mai lita 1.6. Duk wannan haka yake, kuma duk wanda ya ce takarda ce ta haifi turbo ya wuce gona da iri. Bukata daga waje take zuwa. Abin da takarda ke yi ya fi haka ƙanƙanta, amma ba a iya yar da shi. Kamfanin da ke ƙera turbo ba ya sayar wa jama'a, yana sayar wa kamfanonin motoci ne, waɗanda suka fi shi girma, kuma al'adarsu ce su nemi mai kawo kaya na biyu don su karya farashi. Dole ya buɗe musu zanensa shekaru kafin motar ta fito. In ba don takarda ba, babu abin da zai hana a miƙa zanen ga wanda zai yi shi da araha tunda bai kashe ko sisi a bincike ba. Mafita ɗaya da za ta rage masa ita ce ɓoye sirri, sirri kuwa ba shi da ranar ƙarewa.

Takarda tana da ranar ƙarewa, kuma a nan ne lamarin ya shafi ƙasashen da ba sa ƙera turbo amma suna rayuwa a kansa. Sharaɗin rajista shi ne mai ƙirƙira ya bayyana abin da ya yi dalla-dalla, da zane, a buga kowa ya gani, bayan shekara 20 kuma ya zama na jama'a. Haka dokar Najeriya ta 1970 ta tanada, haka kuma tsarin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda Nijar da Kamaru da Chadi ke ciki. Ƙari a kan haka, takarda ba ta aiki sai a ƙasar da aka yi rajistarta. Duk wata dabarar turbo da aka shigar kafin 2005 yanzu ba ta da mai ita, kuma ana karanta ta kyauta a intanet. Wannan ne ya buɗe wa masana'antun Sin da wasu ƙasashe hanyar cika kasuwa da turbo da kayan cikinsa na tireloli da janaretoci a farashi mai sauƙi. Amma duk bakaniken da ke aikin dizal ya san cewa guda biyu na iya yin kama kamar tagwaye, ɗaya ya yi shekaru, ɗaya ya fara kuka yana shan mai cikin 'yan watanni. Takardar ta faɗi siffa, ba ta koyar da tsabtar zubi ko daidaita nauyin fanka har ya zama babu ɓangaren da ya rinjayi wani ko da ƙwayar ƙura. Ƙurar hunturu da ta samu tsagaggen filta, da baƙin man da ya wuce lokacin juyewa, da kashe inji nan take bayan doguwar tafiya alhali sandar na da zafi, su ne ke bayyana wane ne na gaske.

Saura masu cewa duk wannan tarihi ne, motar lantarki ta zo, turbo ya kusa ritaya. A ƙananan motoci akwai ƙamshin gaskiya a maganar, kuma kamfanonin da kansu sun fara karkata jarinsu. Sai dai jiragen ruwan da ke ɗauke da mafi yawan kayan cinikin duniya da injunan dizal masu turbo suke tafiya, kuma babban mai ƙera musu shi, Accelleron, wanda ya balle daga ABB a 2022, jikan kamfanin Brown Boveri ne da ya yi aiki da Büchi. Haka jiragen ƙasa, da injunan haƙar ma'adinai, da manyan janaretoci. Lantarkin ma ya shigo cikin turbon ne da kansa. Daga 2014 motocin tseren Formula 1 suka ɗora ƙaramin injin lantarki a kan sandar turbo, yana juya ta kafin hayaƙi ya iso, yana kuma tatsar wuta idan hayaƙi ya yi yawa. Masu shirya gasar sun cire shi daga dokokin 2026 saboda tsada da wahalarsa, amma kafin nan ya riga ya sauka kan titi: Mercedes-AMG ta fito da shi tare da Garrett a 2022, Porsche ta biyo baya a 911 ta 2024. Tambayoyin da ke gaban injiniyoyi yanzu su ne yadda maganaɗisu zai rayu kusa da fanka mai zafin digiri 1,000, da yadda za a sanyaya wayoyin da ke kewaye da shi, da yadda sandar da aka ƙara wa nauyi za ta juya ba tare da rawa ba. Masu ƙera motocin haidirojin kuma suna bukatar fankar matsa iska wadda ko ɗigon mai ba zai shiga cikinta ba, don haka sandarta a kan iska take shawagi. Takardun da ake shigarwa a kan waɗannan a yau za su ƙare ne a tsakiyar shekarun 2040.